Zanen Hannu ko 3D: Ta Ina Mai Son Koyon Katun Zai Fara?

Ɗan yayata ya gama sakandare bana. Tun yana firamare babu littafin rubutunsa da ya tsira daga zane a gefen shafi. Wata Asabar ya same ni a gida nan Anguwar Rogo a Jos, sanyi ya kore mu daga tsakar gida mun koma falo da shayi, sai ya ce: "Kawu, Baba ya ce zai ba ni abin da ya sawwaƙa in fara koyon katun. Abokaina sun ce in yi haƙuri in tara kuɗi, in je kasuwar kwamfuta ta Banex a Abuja in sayo babbar kwamfuta in koyi 3D, wai zanen hannu ya zama tsohon yayi. Ni kuma fensir hannuna yake so. Wanne zan kama?"

Na daɗe ina zanen littattafan yara da 'yan gajerun tallace-tallace masu motsi, na kuma taɓa ɓangarorin biyu gwargwadon hali. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan, domin na san ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

A fara da sanin abin da ake zaɓa tsakani. Fim yana tafiya da hotuna 24 a kowane sakan, ido kuma ya haɗa su ya ga motsi. Mai zanen hannu galibi ba ya zana 24 ɗin, 12 yake zanawa a nuna kowanne sau biyu, Japanawa kuma a shirye-shiryensu na talabijin sukan sauka zuwa 8. Lissafin ba wuya: minti ɗaya yana cin zane 720. Rim ɗin takarda mai falle 500 ba zai cika maka sakan 42 ba. In kana iya fitar da zane 20 masu kyau a rana, minti ɗaya zai cinye maka kwana 36, kuma ba a zo maganar launi da bango ba tukuna. Sannan zanen hannu ba yana nufin takarda kaɗai ba. Wanda ya zana a kan allon zane da aka jona da kwamfuta, layi bayan layi, shi ma da hannu ya zana. Haka aka yi fim ɗin Klaus a Sifen, wanda ya fito a 2019.

Shi kuwa 3D ya fi kusa da aikin magini ko masassaƙi. Za ka gina mutum-mutumi a cikin kwamfuta, ka sa masa ƙasusuwa da gaɓoɓin da za su riƙa lanƙwasa shi, ka yi masa fata da tufafi, ka kunna fitilu, ka girke kyamara. Daga nan ka tsayar da shi yadda kake so a wannan hoto da wancan, kwamfuta ta cike abin da ke tsakani, kai kuma ka bi kana gyara. Mataki na ƙarshe shi ake kira renda, wato kwamfuta ta zauna ta lissafa haske da inuwa ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Abokan yaron nan ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, kuma ban ɓoye masa haka ba. Tun daga Snow White a 1937 zanen hannu ke riƙe da kasuwar manyan finafinan katun a Amurka, har Pixar ta fito da Toy Story a 1995, fim mai tsawo na farko da aka yi kacokan da kwamfuta. Ba a cika shekara goma ba Disney ta rufe ɗakin zanenta na Florida a 2004, ƙwararrun da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan teburin zane suka shiga neman abin yi. Winnie the Pooh na 2011 shi ne dogon fim na ƙarshe da kamfanin ya yi da hannu. A nan gida ma, Lady Buckit and the Motley Mopsters da aka nuna a silima a 2020 3D ne, haka shirin Iwájú da kamfanin Kugali suka yi tare da Disney a 2024.

To amma ka dubi kyautar Oscar ta katun a shekaru biyu a jere. A 2024 Hayao Miyazaki na Japan ya karɓe ta da The Boy and the Heron, zanen hannu, yana da shekara 83. A 2025 kuma Flow ya karɓa, wani fim daga Latbiya wanda ba a magana ko kalma ɗaya a cikinsa, an yi shi da Blender, manhajar 3D da kowa zai iya saukewa kyauta. Duka hanyoyin biyu suna raye. Tambayar da ta rage ita ce wacce ta dace da yaron da ke Jos, da aljihun mahaifinsa, da irin wutar da muke samu.

Ta fuskar kuɗin farawa, tazarar tana da faɗi. Zanen hannu za ka iya fara shi yau da rim ɗin takarda, fensir, abin huda takarda irin na ofis, da katako mai ƙusoshi biyu da za ka riƙa sarƙafa takardun don kada su goce. Gilashin tsohuwar taga da fitila a ƙarƙashinsa ya ishe ka ganin zanen baya ta cikin na gaba. Ka ɗauki hotunan da waya, ka jera su, ka ga motsinka. Manhajar zanen katun ta FlipaClip tana aiki a waya. In ka samu laftof ko da tokumbo ce, da ƙaramin allon zane marar fuska na Huion ko XP-Pen ko Wacom, to manhajojin zane irin su Krita da Pencil2D da OpenToonz duk kyauta ne. Ita OpenToonz ɗin ma daga manhajar da Studio Ghibli, kamfanin su Miyazaki, suka yi aiki da ita aka samo ta, aka sake ta ga jama'a a 2016.

A 3D manhajar ba ita ce matsala ba, tunda Blender kyauta ce. Matsalar injin. Ƙaramar laftof za ta kai ka darussan farko, amma da zarar ka sa gashi, ko hayaƙi, ko taron mutane, za ta fara nishi. Kana buƙatar katin hoto mai ƙarfi, wato ɓangaren kwamfuta da ke lissafa hotuna, da ma'ajiya mai yalwa, farashinsu kuma dala yake bi. Irin wannan inji yana shan wuta, ga zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe masa fanka. Na taɓa barin renda ta kwana tana aikin wani talla na sakan 30, wajen ƙarfe uku na dare aka ɗauke wuta, batir ya ƙare kafin asuba, na tashi na tarar babu komai domin kai-tsaye na ce ta fitar da bidiyo. Daga ranar nake fitar da aiki hoto-hoto, don in wuta ta katse in ci gaba daga inda ta tsaya. Wanda zai rungumi 3D da gaske ya sa kuɗin sola ko janareta a cikin lissafinsa tun farko. Fensir kuwa hasken taga ya ishe shi, illa dai safiyar Disamba a Jos takan sandarar da yatsu sai an ɗumama su a jikin kofin shayi.

Idan aka zo kan lokaci sai lissafin ya juya. Wahalar 3D a gaba take: makonni kana gini da sa gaɓoɓi ba ka ga motsi ko ɗaya ba. Amma in ka gama, wannan mutumin naka ne har abada. Za ka juya shi ta kowace kusurwa, ka sa shi a kashi na ɗaya da na hamsin, ka matsar da kyamara ba tare da sake zana komai ba. Mai zanen hannu kuwa duk sabon motsi sabon zane ne. Akwai wani yanki na sakan huɗu a fim ɗin Miyazaki The Wind Rises na 2013, taron jama'a bayan girgizar ƙasa, wanda ya ci mai zana shi fiye da shekara guda. Don haka wanda burinsa shi ne ya riƙa sakin shiri kowane mako a YouTube shi kaɗai, cikakken zanen hannu zai karya shi. Ko dai ya bi 3D, ko ya bi hanyar tsakiya, inda ake zana mutum sau ɗaya a yanka shi gaɓa-gaɓa, a riƙa motsa hannu da ƙafa da baki kamar 'yar tsana. Yawancin katun ɗin yara masu shafaffen zane da ake gani a talabijin yanzu haka ake yin su.

Akwai wani gwaji da nake so in tsaya a kansa, domin a nan ne bambancin ya fi fitowa ga mai son ba da labarinmu. Ka ɗauki dattijo sanye da babbar riga mai aska takwas, zai tashi daga kan buzu ya saɓa hannun rigar a kafaɗa. A 3D, aikin allurar da ke ƙirjin rigar abu ne mai sauƙi: ka zana shi sau ɗaya, ka manna, duk inda ya juya yana nan daram. Da hannu kuwa wannan aska takwas ɗin azaba ce, domin sai ka maimaita ta a kowane falle, kuma in ta ɗan goce za a ga tana rawa a ƙirjinsa. Shi ya sa mai zanen hannu ke rage ado, ya bar layi uku ko huɗu da za su tuna wa ido sauran. To amma ɗaga hannun rigar fa? Yadda yadin ke taruwa, ya yi nauyi, ya faɗa a kafaɗa, ya zamo kaɗan, dattijon ya sake gyara shi ba tare da ya duba ba? Mai fensir da ya lura da kakansa zai fitar da wannan da zane goma sha biyu, kuma duk Bahaushen da ya gani zai ce wallahi haka suke yi. A 3D sai ka sa kwamfuta ta lissafa faɗuwar yadi, ya riƙa shigewa cikin jiki, ya riƙa karkarwa, ka kwana uku kana faɗa da shi. Yawancin mutum-mutumin da ake saukewa a intanet an gina su ne da wando da 'yar shat. Rawani, mayafi, zane da ɗaurin ɗankwali, goyon jariri a baya, duk sai ka ƙera da kanka. Tufafinmu masu yalwa ne, suna motsi bayan mai su ya tsaya, kuma layin hannu ya fi saurin kama irin wannan.

A ɗaya gefen, in labarinka yana da mota, gini, keke-napep yana ratsa cunkoson Terminus, ko kyamara tana shawagi a kan duwatsun Shere, 3D ta yi wa hannu nisa. Ko The Lion King na 1994, da aka zana da hannu, gudun garken dabbobin nan da ke gangarowa cikin kwazazzabo da kwamfuta aka yi shi.

Dalilin da ya sa na karkata ga hannu a matsayin mafari bai shafi kuɗi ba. Abin da mai katun ke sayarwa shi ne sanin motsi: yaushe abu zai yi sauri, yaushe zai lafa, ina nauyi yake. Darasin farko a ko'ina ƙwallo ce mai tsalle. Zanenta suna matsuwa kusa da juna a sama inda take jinkiri, suna warwatsuwa in tana faɗowa, ta baje in ta bugi ƙasa, ta miƙe in ta tashi. Wanda ya zana wannan da hannunsa, shi ya yanke shawarar inda kowace ƙwallo za ta zauna, kuma in ta fito kamar balan-balan maimakon ƙwallo ya san laifin wane falle ne. Wanda ya fara da kwamfuta kuwa, ita za ta cike masa tsakani da motsi mai santsi marar nauyi, ya ga abu yana tafiya ya ɗauka ya iya. Ka kalli ɗan dambe: kafin ya kai naushi sai ya ja hannun baya, ya sauke kafaɗa, ya dasa ƙafa. Naushin kansa zane biyu ne ko uku, shirin ne ke cin takarda. Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin ma'aikatan Disney, sun tattara irin waɗannan ƙa'idoji guda 12 a littafinsu na 1981, kuma har gobe su ake koya wa masu 3D. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, idon mai koyo ma haka.

Sai na koma kan abin da ya fi damun mahaifinsa, wato ina wannan hanya take kai mutum. Na ba yaron labarin mutum uku.

Miyazaki ya shiga kamfanin Toei a 1963 a matsayin mai cike tsakani, aikin da ya fi kowanne ƙasƙanci a ɗakin zane: babba ya zana farkon motsi da ƙarshensa, kai ka zana na tsakiya. Har yau a Japan masu wannan aiki a kan kowane falle ake biyansu, kuma kuɗin kaɗan ne. Sai da ya shekara 16 kafin ya ba da umarnin dogon fim nasa na farko a 1979. A tsakani ya zana manyan motsi, ya tsara bango, ya yi shirye-shiryen talabijin. A 1985 suka kafa Studio Ghibli da Isao Takahata da Toshio Suzuki.

Glen Keane ya shiga Disney a 1974, shi ya zana Ariel da Aladdin da Tarzan. Da zamani ya juya bai ajiye fensir ba. A lokacin aikin Tangled na 2010, masu 3D kan kawo abin da suka yi, shi kuma ya zana a kan hotunansu yana nuna musu inda kafaɗa za ta karkata, inda ido zai ƙanƙance. Ya bar kamfanin a 2012, ya yi gajeren fim da fensir tare da ɗan ƙwallon kwando Kobe Bryant, fim ɗin ya ci Oscar a 2018, sannan a 2020 ya ba da umarnin dogon fim na 3D. Hannun nan guda ne ya ratsa da shi duk waɗannan ɗakuna.

Na ukun shi na fi so yaranmu su sani, domin maƙwabcinmu ne. Moustapha Alassane ɗan Nijar, an haife shi a 1942, ya fara da kanikanci. Ya je Kanada ya koyi aiki a wajen shahararren mai katun Norman McLaren, kuma a 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren zanen hannu a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da faretin sojoji da duk wani tsarabe-tsarabe. Layukan ba su da wani ado, amma saƙon ya isa inda aka aike shi. Bai tsaya nan ba: ya yi finafinai da mutane, ya yi da 'yan tsana da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, har da wanda ya sa wa suna Kokoa inda dabbobi ke kokawa a fage, ya koyar a Jami'ar Yamai, ya zauna a garin Tawa na Nijar yana aiki da kayan da ya harhaɗa da kansa. Ya rasu a 2015. Wanda ke jiran sai ya mallaki babbar kwamfuta kafin ya fara, ya nemi aikin mutumin nan ya kalla.

A Najeriya ta yau aikin da ke kawo kuɗin cefane ba dogon fim ba ne. Talla ne, da bidiyon wayar da kai kan rigakafi ko tsafta wanda ƙungiyoyi a Abuja ke nema da Hausa, da rubutu mai motsi na gidajen talabijin, da zanen littattafan yara, da tsara fitowa-fitowar fim a takarda kafin a ɗauka. Waɗannan duk mai zanen hannu yana da rabo a ciki. Akwai kuma kasuwa guda da 3D ta mallaka ita kaɗai: masu gine-ginen rukunin gidaje a Abuja suna so mai saye ya zaga cikin gida kafin a aza tubali. Wanda ya iya wannan ba ya rasa aiki, ko da bai taɓa motsa fuskar mutum ba. Su ma masu son yin nasu shirin suna da abin koyi a kusa: Adamu Waziri a Abuja ya fara Bino and Fino a 2010, katun na yara mai sauƙin zane, ya kuma kai shi ƙasashen waje. Mu a Jos muna da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da kuma Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield, inda za a haɗu da masu sauti da masu tace hoto, domin katun ba ya tashi da zane kaɗai.

Ya tambaye ni batun manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da bidiyo daga rubutu. Na ce masa za su ci wani ɓangare na ƙananan ayyuka, musamman cike tsakani da tallan gaggawa, a ɓangarorin biyu. Wanda zai tsira shi ne mai iya duban motsi ya ce nan ne ya lalace, ga kuma gyaransa.

Akwai kuma maganar da ba a tsallake ta a gidajenmu, ta zana surar abu mai rai. Malamai sun yi bayani a kai kuma fahimtarsu ta bambanta, musamman kan abin da aka yi don koyar da yara. Tambayar tana hawa kan hanyoyin biyu, canza fensir da kwamfuta ba ya kauce mata. Na ce ya zauna da malaminsa da mahaifinsa tun yanzu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, fagen yana da faɗi: akwai masu zana bango kaɗai, akwai waɗanda sana'arsu ruwa da wuta da hayaƙi, akwai masu motsa rubutu da zayyana, akwai masu gine-gine.

Ga yadda na raba masa. In kai mai zane ne tun asali, kuɗinka kaɗan, kuma abin da ke burge ka shi ne fuska da tafiya da yadda mutum ke nuna fushi ko kunya, fara da hannu. Ka ba shi wata shida zuwa shekara: ƙwallo, sannan buhun masara da za ka sa shi ya yi tafiya kamar mai jin nauyi, sannan takun mutum, wanda zane 12 ke ba ka taku biyu a sakan ɗaya. Ka riƙe ƙaramin littafi ka je Farin Gada ka zana masu sauke buhunan kabeji da dankali, ka je gidan zoo na kusa da gidan tarihi ka zauna gaban birai. Bayan nan ka buɗe Blender, wadda ma tana da sashen zane da hannu a cikinta mai suna Grease Pencil, ba sai ka yi sallama da fensir ba. In kuwa zane bai taɓa zama abin sonka ba, kai mai son kwance rediyo ne ka ga cikinta, gini da mota da haske ke ja maka hankali, kuma akwai inji da wuta a hannu, tafi 3D kai-tsaye, kada kowa ya sa ka ji kamar ka tsallake layi. Sai dai ko a can ka yi darasin ƙwallon nan, kuma ka hana kwamfuta yanke maka shawara.

Shi dai nasa ya fito fili. Kuɗin Baba ya sayi ƙaramin allon zane da rim biyu na takarda, sauran aka ajiye don laftof. Bayan mako biyu ya dawo da falle 24 a cikin leda, kusurwoyinsu duk sun yi baƙi da gumin hannu. Muka ɗora su a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya muna ɗauka da wayata. Ƙwallon ta faɗo da kyau, amma da ta bugi ƙasa sai ta tashi a hankali kamar an ɗaga ta da zare. Ya kalla sau uku bai ce komai ba, sannan ya zaro falle na 9 da na 10 ya haɗa su a hasken taga.

"Kawu, waɗannan sun yi kusa da juna da yawa ko?"

Na ce masa eh, ya cire ɗaya ya sake gwadawa. Ya jawo kujera ya fara feƙe fensir.